Yadda Ɗan Haya a Sakkwato Zai Bi Haƙƙinsa Idan Mai Gida Ya Ƙi Yin Gyara

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidan haya maganar rabuwa take biyu: wanda ya san inda ake yoyon daban, wanda ya kamata ya sayi kwanon daban, yana can gidansa yana sharar barci a busasshen ɗaki.

Na yi wata damina a wani gida a Mabera da ba zan manta da ita ba. Duk wanda ya san unguwar ya san yadda take fama da ruwa a watan Agusta, to mu namu ta sama yake zo mana. Robar wanki biyu, bokiti ɗaya da tukunyar tuwo muke jerawa a tsakar ɗaki, mu ja katifa lungu, mu kwana muna jin ɗis-ɗis. Silin ya yi ta kumbura yana baƙi, har wata asuba ya rufto. Na sami mai gidan, dattijo ne, na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa. Ya ce, "Malam, yi haƙuri damana ta wuce, kahinta ba ya hawa kwano cikin ruwa." Da ruwa ya ɗauke na koma, sai ya dube ni ya ce, "To yanzu mi ka zuba?" Na fusata na kira kafinta da kuɗina. Da lokacin sabunta haya ya yi, na cire abin da na kashe na miƙa masa sauran. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ɗago kai ya ce, "Wa yas sa ka?" Ba ni da takarda, ba ni da mai shaida, ko rasit ɗin ƙusa ban ajiye ba. Haka na cika masa kuɗinsa ina ji ina gani.

Daga baya na gane cewa ko alƙali muka je a ranar, da wuya in yi nasara, duk da ni ruwa ya daka. Ga hanyar da ya kamata in bi.

Mataki na farko: ka tabbatar gyaran nasa ne

Ɗauko takardar yarjejeniyar haya, in akwai, ka karanta ta layi-layi. Abin da kake nema shi ne inda aka ce wane ne zai gyara me. Wannan layin ya fi komai nauyi, domin yawancinmu mun ɗauka doka ta riga ta ɗora wa mai gida kowane gyara, alhali ba haka abin yake ba. A ƙa'idar dokar da muka gada daga Ingila, idan an ba ka gida haya babu kayan ɗaki a ciki, kuma yarjejeniya ba ta ce mai gida zai riƙa gyara ba, kotu ba ta ɗora masa wannan nauyi kai tsaye. Inda ake kama shi shi ne alkawarin da ya ɗauka, da wuraren tarayya da suka rage a hannunsa, kamar matakalar bene da tsakar gidan da kowa ke bi, da kuma abin da ya shafi lafiyar jama'a.

Za ka ga ana ta yaɗawa a Facebook da WhatsApp cewa doka ta wajabta wa mai gida gyaran bayan gini da wuraren tarayya. Gaskiya ne akwai wannan, amma a dokar haya ta jihar Legas ta 2011 yake. Sha'anin haya na jiha ne, dokar Legas ba ta aiki a Arkilla ko Gawon Nama. Kada ka ɗauko ta ka je kana ɗaga wa dattijo murya.

Idan takardar ta yi shiru, ko babu ita sam, kamar yadda yawancin hayar cikin gari take, sai a koma ga abin da aka faɗa ranar ƙulla ciniki da kuma al'adar gari. Abin da aka saba shi ne, jikin gini na mai gini ne: kwano, katakon rufi da gara ta ci, katangar da ta tsage, sokawen da ya rufta, wayar wuta ta cikin bango, babban bututun ruwa, tanki. Abin da hannu ke taɓawa kullum kuma na mazauni ne: ƙwan fitila, kan famfo, makulli, ragar sauro, gilashin da yaro ya fasa da ƙwallo. Dillalin da ya haɗa ku, in ya ji lokacin da mai gida ya ce "shiga kawai, zan gyara rufin kafin ruwa", to shi ne shaidarka ta farko, ka riƙe lambarsa.

Ka kuma yi wa kanka adalci. Idan ledoji da audugar jarirai ne suka toshe masai, ko ka jona hita da na'urar sanyaya ɗaki a waya siririya har ta narke, ɓarnarka ce, kai za ka gyara.

Mataki na biyu: tara shaida tun abin yana ɗanye

Gani ya kori ji. Lokacin da ruwa ke zuba, a lokacin za ka ɗauki bidiyo, kada ka jira gari ya waye ƙasa ta bushe. Fara daga ƙofar gida yadda za a gane wane gida ne, ka shigo da wayar a kunne har inda matsalar take, kana faɗin rana da wata da bakinka. Tsagewar bango kuwa, ɗora mata biro ko tsinken ashana ka ɗauki hoto, bayan mako biyu ka sake, a ga ko tana ƙara buɗewa. Kayan da suka lalace, katifa ce, talabijin ne, buhun shinkafa ne, ka ɗauke su hoto a inda suke kafin ka matsar.

Nemi maƙwabta biyu manya, masu mutunci a unguwa, su shigo su gani da idonsu. Ka kira mai sana'a, kafinta ko birkila ko mai gyaran wuta, ya duba ya rubuta maka ƙiyasi: kwano kaza, katako kaza, ƙusa, siminti buhu kaza, kuɗin aiki, ya sa hannu da lambar wayarsa. In da hali ka samo ƙiyasi biyu daga mutum biyu, don kada a ce kun haɗa baki.

Sai ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta komai. Ranar da abin ya fara, ranar da ka kira, abin da aka ce maka. Idan famfo ko injin burtsatsen gidan ne ya mutu kana sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, rubuta jarka nawa a rana da kuɗinta. Idan yaro ya kamu da ciwo saboda ɗoyi da ƙazantar sokawe, ajiye katin asibiti da rasit ɗin magani. Rasit ɗin haya da saƙon banki na biyan da ka yi, su ma ka haɗa su wuri ɗaya.

Wani abu da ake mantawa: kotu na karɓar hoto da bidiyo da saƙon waya, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya nemi a yi bayanin na'urar da ta samar da su da yadda aka ciro su. Saboda haka kada ka goge saƙonnin, kada ka sayar da wayar a tsakiyar rigima.

Mataki na uku: ka faɗa da baki, sannan ka rubuta

Fara da zuwa da ƙafarka. A Sakkwato, aika wa dattijo takarda ba tare da ka fara gaishe shi ba, raini ne, kuma kai ma ba ka so a ce ba ka da tarbiyya. Ka je da mutum ɗaya, ku gaisa, ka ce, "Baba Alhaji, rufin nan ya matsa muna, ina so a turo a duba." Da yawa a nan maganar ke mutuwa, domin ba duk mai gida ne mugu ba. Wani bai sani ba, ejan ne ke karɓar kuɗi yana danne ƙorafi. Wata kuma gwauruwa ce da kuɗin hayar ne abincin marayunta.

Idan mako ya wuce shiru, sai takarda. Dalilinta shi ne, ko a inda gyara yake wuyan mai gida, ba a kama shi da laifin ƙin gyara abin da ke cikin ɗakinka sai an tabbatar ya samu labari kuma an ba shi lokaci. Takardar ce ke tsayar da ranar da lissafi zai fara. Ga samfuri:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne ɗan hayarka a gida mai lamba kaza, unguwa kaza, wanda ya biya hayar shekara daga wata kaza zuwa wata kaza. Ina sanar da kai cewa rufin ɗakin kwana yana yoyo tun ranar kaza, silin ya faɗo, kuma katifa da kafet sun lalace. Na sanar da kai da baki ranar kaza a gaban Malam wane. Ga hotuna da ƙiyasin kafinta na haɗo. Ina roƙon a yi gyaran cikin kwana 14. Idan ba ka da sarari yanzu, ina neman izininka a rubuce in gyara, a cire kuɗin daga hayar gaba. A shirye nake in buɗe wa ma'aikata ƙofa duk ranar da ka sa. Na gode."

Ba zagi, ba barazana, ba dogon tarihi. Ka rubuta ta da tunanin cewa wata rana alƙali ne zai karanta. Kwana 14 ɗin shawarata ce, ba lissafin doka ba; idan wayar wuta ce ke tartsatsi ko bango ya karkato kan ɗakin yara, kwana 2 ko 3 ya isa, kuma ku fita daga ɗakin tun yau.

Yi kwafi biyu, ka ba shi ɗaya, ya sa hannu da kwanan wata a ɗayan. In ya ƙi, wanda ya raka ka ya rubuta a bayan kwafinka cewa an miƙa a gabansa. Ka kuma ɗauki hoton takardar ka tura masa ta WhatsApp. Idan ejan ne tsakaninku, ka ba ejan, ka kuma nemi hanyar da kwafi zai isa ga mai gidan kansa. Gidan gado ya fi wuya, don kowa na karɓar kuɗi amma ba mai gyara: wanda sunansa ke kan rasit ɗinka, shi za ka rubuta wa. Idan kana hangen maganar za ta kai kotun majistare ko Babbar Kotu, sa a rubuta maka ita da Turanci ma, domin can takardar Hausa sai an fassara ta.

Idan gidan yawa ne, ku sa hannu gaba ɗaya. Korar mutum ɗaya abu ne mai sauƙi, korar ɗaki takwas asara ce.

Mataki na huɗu: abu biyu da zuciya za ta ce ka yi

Na farko, riƙe kuɗin haya. Kowa abin da ke fara zo masa ke nan: "Ba zan biya ba sai ya gyara." A dokar ƙasa alkawarin biyan haya da alkawarin gyara kowanne zaman kansa yake. Saɓawarsa ba ta sauke maka naka. Ranar da ka daina biya, ka miƙa masa wuƙa da nama: zai shigar da ƙarar bashin haya da neman gidansa, kai da ka zo da kuka ka koma wanda ake ƙara. Ka biya a kan lokaci, ta banki in da hali, ka rubuta a bayanin turawar cewa kuɗin haya ne na wata kaza. In ya ƙi karɓa don ya ɗana maka tarko, ajiye kuɗin kada ka taɓa, ka rubuta masa cewa ka kawo ya ƙi.

Na biyu shi ne wanda ya ci ni, gyara ba izini. A fiƙihun Malikiyya, ɗan hayar da ya kashe kuɗinsa a gida ba da izinin mai shi ba, ana ɗaukarsa mai sa kai. In wa'adi ya ƙare, mai gida na da zaɓi: ya biya shi ƙimar kayan a matsayin ɓaraguzai, ko ya ce ya kwashe abinsa. Ka lissafa nawa tsohon kwano mai hujin ƙusa zai yi a kasuwa, balle siminti da ya riga ya kama bango.

A gyara a cire daga haya abu ne mai kyau, kuma malamanmu sun halatta a shardanta gyara daga kuɗin hayar da ya wajaba. Sai dai a yi shi bisa tsari. Ku amince da ƙiyasi tukuna. A rubuta layi uku: "Ni wane, na yarda ɗan hayata wane ya gyara rufin ɗaki kan kuɗin da bai wuce naira kaza ba, a cire daga hayar shekara mai zuwa." Ya sa hannu, shaidu biyu su sa. In ba mai son rubutu ba ne, saƙon murya da ya faɗi adadin da bakinsa ya fi babu nesa ba kusa ba. Ka karɓi rasit na kowane abu. In farashin siminti ko kwano ya tashi ana cikin aiki, dakata ka sanar da shi kafin ka haura adadin. Ka kuma tambayi abin da mutane ke mantawa: in bai sabunta maka hayar ba fa? A ƙara layi cewa zai biya ka tsabar kuɗi kafin ka miƙa makulli. An sha ganin wanda ya gyara gida tsaf, shekara na cika aka ce ɗan mai gida zai yi aure.

Mataki na biyar: a sa manya

Kafin kotu akwai mai unguwa, akwai limamin masallacin da mai gidan ke salla, akwai hakimi, akwai Hisba da ke zaman sulhu. Mutumin da zai yi watsi da takardarka sau uku, da wuya ya yi watsi da kiran liman, saboda gobe da asuba a sahu ɗaya za su tsaya. Ka je da littafinka da hotunanka, ka yi magana a taƙaice, ka zo da abin da kake so a fili: a gyara zuwa rana kaza, ko a ba ni izini, ko a mayar mini da ragowar kuɗina in tashi.

Inda sulhun gida ke lalacewa shi ne a tashi da "in sha Allahu za a duba". Kada ka bari a shafa fatiha sai an sa rana, an rubuta, masu sulhu sun sa hannu. In wani ya ce rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa cikin ladabi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Mataki na shida: hukuma, inda abin ya shafi lafiya ko rai

Sokawe ya cika yana malala a lungu, masai ya rufta, kwata ta toshe ruwa ya kwanta: wannan aikin duba-gari ne. Je sashen lafiya na ƙaramar hukumarka, Sakkwato ta Arewa ce, ta Kudu ce, ko Wamakko ko Dange-Shuni ga na bakin gari, ka kai ƙorafi a rubuce. Suna da ikon shiga su duba, su ba da takardar wa'adin kawar da ƙazanta, su gurfanar da wanda ya ƙi. Amma ka share naka ɓangaren kafin su zo, don duba-gari ba ya zaɓen wanda zai rubuta. Ginin da ke barazanar faɗuwa kuma, hukumar tsara birane ta jiha ake kai wa. Ka sani fa, in suka ce ginin bai zaunuwa, kai ma fita za ka yi, sai dai rahotonsu hujja ce babba wajen neman kuɗinka.

Ofishin 'yan sanda ba wurin wannan magana ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Kai ba za ka sa a kama shi don ya ƙi gyara ba, shi ma ba zai sa a kama ka don rigimar haya ba.

Mataki na bakwai: kotu, kuma wace

Wani lokaci takardar lauya kaɗai ke tayar da kafinta. In ba ta yi ba, hanya biyu ce a gabanka, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne.

Kotun majistare, wadda idan ta zauna kan shari'ar kuɗi da haya a Arewa ake ce mata kotun distirik, da Babbar Kotun jiha idan kuɗin ya haura huruminta, suna bin yarjejeniya. Idan takardarka ta ce mai gida zai gyara, za ka iya neman diyyar kayanka da suka lalace, da kuɗin da ka kashe, da ragin darajar zaman da ka yi cikin wahala, har da umarnin ya cika alkawarinsa. Idan ba ta ce ba, aikin lauyanka zai yi nauyi.

Kotun shari'ar Musulunci ta fi kusa da talaka. Da Hausa ake yi, ba dole sai da lauya ba, ka je wurin rajistara ka biya kuɗin ƙara a ba ka rasit, a kai wa mai gida sammaci. Wanda ba Musulmi ba ba a yi masa shari'a can sai da yardarsa. Sai dai ya kamata ka san abin da littafi ya ce kafin ka shiga, don kada hukunci ya zo maka a ba-zata. Abin da Sidi Halil, malamin fiƙihun Malikiyya, ya tafi a kai a littafinsa Mukhtasar shi ne, ba a tilasta wa mai gida yin gyara. Akwai malaman mazhabar da suka ce a tilasta masa, amma sanannen zancen ke nan. Abin da aka ba ɗan haya shi ne zaɓi. Idan lalacewar mai cutarwa ce, kuma misalin da littafin ya kawo shi ne yoyon rufi, to kana iya warware hayar ka tashi a mayar maka da kuɗin sauran wa'adi. Idan ka zaɓi ka zauna a haka, cikakken kuɗin haya ya hau kanka. Idan kuwa mai gida ya riga ka, ya gyara kafin ka fita, sai ka ƙarasa wa'adinka. Idan wani ɗaki ne ya rushe amma sauran gidan na zaunuwa, ana rage haya gwargwadon kason ɗakin.

Ka ga ke nan a wannan babin shiru ba ya yi wa ɗan haya rana. Wanda ya haɗiye ya zauna damina guda, sannan ya zo bayan shekara yana neman ragi, ihu bayan hari ya yi. Shi ya sa takardar nan mai kwanan wata take da daraja a kotunan biyu. In kuma an shardanta gyaran tun farko, magana ta canza, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Ka shiga da lissafi a hannu. A ce hayarka naira 360,000 ce a shekara, wato 30,000 a wata, ka zauna wata 7 ka fita saboda rufi: ragowar wata 5, naira 150,000. Ko a ce ɗaki uku ne masu daraja ɗaya, guda ya rushe tsawon wata 4: 10,000 sau 4, naira 40,000. Hujja a kan mai ƙara take, rantsuwa a kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya shaidu biyu ake nema, kuma Malikiyya na karɓar shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai ƙara. Kana iya roƙon kotu ta je ko ta tura a gano gidan. In hukunci bai yi maka ba har aka wuce babbar kotun shari'a, ka tuna sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga irin su aure, gado, wasiyya, waƙafi da kyauta. Rigimar haya Babbar Kotun jiha take nufa.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Tallafin Shari'a ta Ƙasa. Dokarta ta 2011 ta yi tanadi ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Ra'ayina: in kuɗin da ake jayayya a kai bai kai hayar wata biyu ba, kuɗin mashin zuwa kotu da ranakun aikin da za ka rasa za su cinye shi. Ka nemi ragowar kuɗinka ta sulhu ka tashi. In kuwa asarar babba ce, ko an ji wa wani rauni, kada kunya ta hana ka.

Idan ya mayar da martani da kora

Sau da yawa amsar takardar gyara ita ce notis. Yana da damar neman gidansa, amma ta hanya. In yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan mako notis ɗin mako ɗaya ake ba shi, mai biyan wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai hayar shekara-shekara wata shida. Bayan wannan ya cika sai wani na kwana 7, na sanar da niyyar zuwa kotu. Idan hayar mai ƙayyadadden wa'adi ce kuma ya ƙare, na kwana 7 ɗin kaɗai ya rage. Duk da haka kotu ce ke fitar da mutum, ma'aikatanta ne ke zuwa.

Cire kwano, ɓalle ƙofa, sa kwaɗo, yanke wuta da ruwa, turo matasa su watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma ana biyan diyya a kai. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin soja ta jihar Legas kanta saboda fitar da Ojukwu, tsohon jagoran Biyafara, da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali magana na gaban kotu. In hakan ta same ka, kada ka yi dambe. Ɗauki bidiyo, kira shaidu, rubuta abin da ya ɓace ko ya fashe. A nan kam 'yan sanda na da hurumi, don ɓarnar dukiya da kutse laifi ne, sannan ka garzaya kotu neman umarnin dakatar da shi.

In ka yanke shawarar tashi, kada ka sulale da dare. Rubuta masa ranar fita da dalili, ɗauki hoton kowane ɗaki bayan an kwashe kaya, ɗauki hoton mita, biya kuɗin wutar da ke kanka, ka miƙa makulli a gaban shaidu a rubuta an karɓa. Wanda ya tafi da makulli a aljihu, ana iya ci gaba da ƙirga masa haya.

Gida na gaba kuwa, tun ran gini tun ran zane. Kafin ka biya ko sisi, sa a rubuta abu uku: na ɗaya, jikin gini, rufi, sokawe da wayar cikin bango na mai gida ne; na biyu, in an sanar da shi a rubuce bai gyara cikin kwana 14 ba, ɗan haya zai gyara ya cire daga haya bisa rasit; na uku, in gidan ya kasa zaunuwa, za a mayar da kuɗin sauran wa'adi. Yawanci da rani ake neman gida, lokacin da kowane rufi lafiyayye ne. Ɗaga kai ka dubi silin. In ka ga zagayen tabo ruwan ƙasa, ko sabon fenti a kusurwa ɗaya tak, nemi tsani ka leƙa sama, sannan ka tambayi mai shagon bakin layi dalilin da ya sa wanda ke ciki ya tashi.